Garin Zeppelin, kasuwar rediyo da wahalar tsallake filin jirgi

Friedrichshafen ƙaramin gari ne a ƙuryar kudancin Jamus, a bakin tafkin da Jamusawa ke kira Bodensee. Mazaunansa ba su wuce dubu sittin da 'yan kai ba. Ƙasashe uku ne suka yi tarayya a kan wannan tafki, wato Jamus da Ostiriya da Suwizalan, kuma ranar da gari ya waye babu hazo, wanda ya tsaya a bakin ruwa zai hango duwatsun Suwizalan a tsallake, wasunsu da sauran ƙanƙara a ka ko da a tsakiyar lokacin zafi. Jirgin fito yana kai mutane da motoci garin Romanshorn a cikin ƙasa da awa guda. Yawancin gine-ginen tsakiyar garin sababbi ne, domin jiragen yaƙin ƙawance sun yi masa ruwan bama-bamai a 1944 saboda masana'antun da ke cikinsa.

Abin da ya kai ni can a ƙarshen watan Yunin 2025 shi ne baje kolin da ake kira HAM RADIO, wanda ake yi a garin tun 1976, kuma babu taron 'yan sha'awar rediyo da ya kai shi girma a nahiyar Turai. Ina koyar da fannin lantarki da sadarwa, na kuma daɗe ina son ɗalibaina su taɓa igiyar rediyo da hannunsu, su daina saninta a kan allo kawai. Na je ne in sayo wa ɗakin gwajinmu na'ura guda.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayani, domin mu Hausawa gwanayen sauraren rediyo ne, amma ba mu saba da mayar mata da magana ba. Tun 1957 BBC ke yi mana magana da Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, kuma har yau akwai manomin da ba ya fita gona sai da rediyo a rataye a kafaɗa. Ɗan sha'awar rediyo shi ne wanda ya zauna jarrabawa, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira, ya kafa 'yar tasharsa a ɗaki ko a kan dutse, yana zance da takwarorinsa na wasu ƙasashe ba tare da waya ko intanet ba, kuma ba don neman kuɗi ba. Igiyar gajeren zango tana tashi sama, ta daki wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki a can ƙololuwar sararin samaniya, ta dawo ƙasa a wata nahiyar. Da ƙarfin wutar da bai wuce na ƙwan fitila irin na dā ba, mutum yana iya jiyar da muryarsa daga Kano zuwa Brazil. Lambar kiran kowace ƙasa tana da mafarinta: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Faris tun 1925. Lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa Nepal a 2015, da lokacin da guguwa ta katse layukan wayar Puerto Rico a 2017, irin waɗannan mutane sun taimaka wajen isar da saƙonnin agaji.

Filin baje kolin yana wajen gari, maƙwabcin filin jirgin sama. A ciki akwai rumfunan manyan kamfanoni irin su Icom da Yaesu, amma inda rai yake shi ne kasuwar gwanjo. Manyan zauruka ne cike da tebura, an baje tsofaffin rediyoyin soja, da nadin waya, da makullan buga saƙon tangarahu, da eriya iri-iri, da tarkacen da babu mai sanin amfaninsu sai wanda ya zo nemansu. Ta tuna mini da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sai dai a nan masu ciniki galibi tsofaffi ne masu furfura, kowa da lambar kiransa a manne a ƙirji ko a hula, kuma da ita suke gabatar da kansu kafin suna. Wasu sun kafa tantuna a gefen filin suna kwana. Rana kuwa ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, abin da ya sa na riƙa duba agogo ina tababar ko Magariba ta yi.

A wurin cin abincin rana ne na lura da wani abu. Waɗanda suka zo da mota daga Italiya ko Holan hirar na'urori suke yi. Mu da muka zo ta jirgin sama, daga Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, hirarmu guda ce: yaya za a yi a kai abin da aka saya gida? Kowa da labarin da ya ƙunsa. Wani ya ce an bar shi ya wuce da rediyonsa a jakar hannu a zuwa, a dawowa kuma wani ma'aikacin na wannan kamfanin dai ya ce sam bai san zancen ba. Wani ya ce sandar eriyarsa, wadda ake zuƙewa kamar ta kamun kifi, aka ƙwace, wai ana iya dukan mutum da ita. Wani dattijo ya ce ya shafe kusan awa guda yana yi wa jami'ai bayanin makullin tangarahu, ƙarfe ne kawai da 'yar waya, har jirgi ya kusa tashi ya bar shi. Na ji su, na tausaya, amma ban yi saurin ba su gaskiya gaba ɗaya ba, kuma dalilina yana cikin garin da muke zaune.

A tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta bakin ruwa akwai gidan tarihin Zeppelin. A wannan tafkin ne Ferdinand von Zeppelin ya tashi jirginsa na farko mai kama da balan-balan ranar 2 ga Yulin 1900, a garin nan kuma aka ƙera Hindenburg, mai tsawon mita 245. An sake gina wani sashe nasa a cikin gidan tarihin daidai da girmansa na asali, baƙo yana hawa matakala ya shiga falon fasinjoji da ɗakunan kwanansu. Iskar da ke ɗaga jirgin ita ce haidurojin, mai kama wuta da ƙyastu guda, domin Amurka ta hana fitar da hiliyom wadda ba ta cin wuta. Saboda haka kafin fasinja ya hau, sai an karɓe ashana da kowane abin kunna wuta da ke jikinsa. Mashaya taba an ware musu ɗaki guda mai ƙofa biyu, da ma'aikaci mai lura kada wani ya fita da taba a kunne. Attajirai ne suka biya kuɗi masu yawa, kuma ba na shakkar wasunsu sun yi gunaguni a kan a laluba musu aljihu. Jirgin ya tashi daga Frankfurt, ya kama wuta yana shirin sauka a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayun 1937, mutum 36 suka mutu. Har yau akwai jiragen Zeppelin na zamani da ke yawo da 'yan yawon buɗe ido a saman tafkin, da hiliyom suke tashi, kuma rumfarsu tana kusa da inda muke cinikin rediyo.

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowace doka da ke damun ɗan sha'awar rediyo a filin jirgi akwai gobara ko gawa a bayanta. Bam ɗin da ya tarwatsa jirgin Pan Am a saman garin Lockerbie ranar 21 ga Disambar 1988, ya kashe mutum 270, a cikin rediyo mai kaset ƙirar Toshiba aka ɓoye shi, kuma kotu ta gano cewa akwatin ya bi ta Frankfurt kafin ya isa Landan. Jami'in da ke kallon hoton jakarka a na'urar haska kaya, ya ga akwatin ƙarfe da nadin waya da batir a jere, an koya masa cewa haka kayan da yake tsoro suke kama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai kuma abin da ya faru a Labanan a ranakun 17 da 18 ga Satumbar 2024, lokacin da dubban ƙananan na'urorin karɓar saƙo da rediyoyin oba-oba na 'yan Hizbullah suka tarwatse a aljihu da hannun masu su, mutane gommai suka mutu, dubbai suka jikkata, daga baya Isra'ila ta amsa cewa aikinta ne. Wasu daga cikin oba-oban suna ɗauke da tambarin Icom, samfurin da kamfanin ya ce ya daina ƙerawa tun 2014, kuma samfuri ne da 'yan sha'awar rediyo suka sani sarai. Cikin makonni kaɗan kamfanin Emirates ya haramta ɗaukar oba-oba da irin waɗancan na'urori, a jakar hannu ko a akwati, ga duk mai zuwa Dubai ko mai ratsawa ta can. Wasu a baje kolin suna ganin ya kamata a keɓe masu lasisi daga irin wannan hani. Ni ban gamsu ba. Lasisi yana shaida cewa mai na'urar mutumin kirki ne, ba ya shaida abin da ke cikin na'urar, kuma mutanen Labanan ɗin ma ba su san abin da suke ɗauke da shi ba. Abin da nake ganin ya dace a nema shi ne a riƙa sake duba irin wannan hani lokaci-lokaci, kada dokar da aka kafa a makon firgici ta zama ta har abada.

Babbar matsalar dai ba rediyon ba ce, batirinsa ne, kuma a nan maganar ta shafi kowane ɗan Najeriya mai hawa jirgi, tunda rashin wuta ya sa ba wanda ke tafiya babu fawa banki. Batirin litiyom idan ya samu matsala yana ɗumama kansa da kansa, ɗaki guda ya kunna na kusa da shi, wutar kuma ba ta mutuwa da sauƙi. Irin wannan gobara ce ta kayar da jirgin dakon kaya na UPS a Dubai ranar 3 ga Satumbar 2010, matuƙansa biyu suka rasu. A 2016 aka haramta wayar Galaxy Note 7 a jirage. Ranar 28 ga Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, mutum 176 da ke ciki suka tsira, masu bincike kuma suka karkata zargi ga fawa bankin da aka ajiye a ma'ajiyar saman kujera.

Ƙa'idar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ƙungiyar kamfanonin jirage suka shimfiɗa ba ta da wuyar fahimta. Ana auna ƙarfin batir da wat-awa, wato a ninka bolt ɗinsa da amfiya-awarsa. Wanda bai wuce 100 ba, fasinja yana iya shiga da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma kada na ajiya ya wuce guda biyu. Abin da ya haura 160 ba ya shiga kayan fasinja ko ta ina. Duk batirin da ba a cikin na'ura yake ba, har da fawa banki, jakar hannu ce wurinsa, a rufe bakinsa don kada ya haɗu da ƙarfe. Dalilin shi ne idan ya kama wuta a cikin fasinjoji, ma'aikata za su gani su sanyaya shi da ruwa. A rumbun kaya na ƙarƙashin jirgi kuwa babu mai gani sai ta ci ƙarfi.

Bari mu yi lissafin tare, tunda sana'ata ce. Fawa bankin da aka rubuta wa 20,000 a jiki, ƙwayoyin cikinsa bolt 3.7 ne, don haka ƙarfinsa 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 ya kai 111, yana bukatar izini. Manyan nan masu 50,000 da ake tallarsu a kasuwanninmu sun kai 185, ba su da hurumin shiga jirgi. Batirin da 'yan sha'awar rediyo suka fi so mai bolt 12.8 ne: in amfiya-awarsa 6 ce, ya kusa 77, in 10 ce, 128, in 20 ce, 256. Wanda kuma rubutun jikinsa ya goge, jami'i yana iya ƙin sa ko da ƙarami ne, domin ba shi da hanyar tabbatarwa. Game da kunna na'urar aika saƙo a cikin jirgi kuwa, babu ɗan sha'awar rediyon da ya san aikinsa da zai yi jayayya. Matuƙa suna magana da hasumiya a tsakanin megahaz 118 da 137, zangon oba-oban 'yan sha'awa kuma yana farawa daga 144. Tazarar ba ta da yawa.

To ina ƙorafin yake da gaskiya? Yana da gaskiya a inda dokar ta bar takarda ta koma bakin mutum. Ƙa'idar duniya ita ce mafi ƙaranci, kowane kamfani yana da damar ƙara tsanani a kanta, kowane filin jirgi yana da jami'an tsaronsa da ba ƙarƙashin kamfanin suke ba, kowace ƙasa kuma tana da dokar shigo da kayan sadarwa. Fasinjan da zai sauya jirgi sau biyu yana iya ratsa hukumomi biyar ko shida, kuma izinin da ɗaya ta ba shi ba ya ɗaure sauran. Sannan dokokin kan ci karo da juna. Ana ce maka kayan lantarki masu tsada ka riƙe su a hannu, ana kuma ƙayyade jakar hannu a kilo bakwai ko takwas, alhali rediyon gajeren zango irin IC-7300 shi kaɗai ya haura kilo huɗu. Mafi haɗari shi ne abin da ke faruwa a ƙofar shiga jirgi idan wuri ya cika: sai a karɓe jakunkunan hannu a tura su rumbun kaya cikin gaggawa. Dokar ta ce a fitar da batura tukuna, amma ba kullum ake tuna wa fasinja ba. A nan kamfanin da kansa ne ke tura wuta inda ya hana a kai ta.

Ni ma na ɗanɗana. Na ƙi sayen batir a baje kolin da gangan, duk da arharsa, na ɗauki rediyon kawai, da rasidinsa, da littafin bayaninsa, da takardar jami'a mai nuna abin da za a yi da shi. A filin farko na fitar da shi na ajiye a tire kamar kwamfuta, jami'a ta goga masa ɗan ƙyalle ta saka a na'urar gano abin fashewa, ta tambaye ni ko na samu abin da nake nema a Friedrichshafen, ta sallame ni. A filin da na ya da zango kuwa, wani matashin jami'i ya juya shi sama da ƙasa, ya ce oba-oba ne. Na ce masa ba shi ba ne, babu batir a cikinsa, ba ya ma iya kunnuwa sai an jona shi da wuta. Ya ce to in kunna masa ya gani. Na ce ai abin da na faɗa ke nan, ba ya kunnuwa. Muka tsaya a haka, layi yana tsawo a bayana, har shugabarsu ta zo ta karanta takardun ta ce in wuce. Ban ga laifin yaron ba. An ba shi jerin sunayen abubuwan da aka hana, ba a koya masa yadda abubuwan suke aiki ba, kuma in ya yi kuskuren barin abu ya wuce, shi zai rasa aikinsa.

Akwai kuma gefen da ya shafe mu fasinjoji. Mun iya ƙorafi da baki, a zauren jiran jirgi da kuma a Facebook, amma kaɗan ne ke rubutawa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da ya karɓa. Idan akwati ya iso a lalace, fasinja yana da kwana 7 ya shigar da ƙorafi a rubuce. Idan jinkiri kayan suka yi, kwana 21 daga ranar da ya karɓe su. Zuwa kotu kuma shekara biyu. Mafi kyau shi ne a cike takardar rahoton kaya tun kafin a bar zauren ɗaukar akwatuna. Diyyar tana da iyaka, wadda tun ƙarshen Disambar 2024 ta koma 1,519 na kuɗin lissafin Asusun Lamuni na Duniya, kimanin dala dubu biyu, komai tsadar abin da ke cikin akwatin, sai in mai shi ya bayyana darajarsa tun wurin awo ya biya ƙari. A gida kuma hukumar NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinja da ake kai wa kuka idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu. Sai dai duk wannan kariya ba ta shafi abin da jami'in tsaro ya ƙwace ba. Batirin da aka jefa a kwandon filin jirgi ya tafi ke nan, kuma a wurare da dama ko rasidi ba a bayarwa. Wannan giɓi ne na gaske, kuma shi ne ƙorafin da na fi jin nauyinsa cikin duk waɗanda na saurara.

Da ana tambayata, da na ce kamfanonin da ke jigila daga Kano da Abuja da Yamai su buga dokar batir a jikin tikiti da harshen da fasinja ke ji, da lambobin da yake gani a jikin fawa bankinsa, ba wat-awar da sai injiniya ke lissafawa ba. Masu yi wa maniyyata bita su ƙara wannan a cikin darasinsu, kamar yadda suke bayanin nauyin kaya da ruwan Zamzam, domin tsohuwar da jikanta ya saka wa fawa banki a ƙasan akwati ba ta san ta ɗauko wani abu ba. Duk abin da aka ƙwace kuma a rubuta shi, a ba mai shi takarda, a ba shi zaɓin aika shi ta hanyar dakon kaya ko barin sa ga wani ɗan'uwa.

Rediyon yana ɗakin gwajinmu yanzu. Ba mu fara aika saƙo ba sai maganar lasisi ta kammala, don haka saurare kawai muke yi. Ɗalibai sun miƙa waya mai tsawon kusan mita goma tsakanin rufin ɗakin da wata bishiyar darbejiya, suka jona na'urar da batirin mota da muka saya a nan gida. A yammacin farko, a zangon mita 20, muka kama wani ɗan Italiya yana maimaita lambar kiransa yana neman mai amsa masa daga Afirka, ɗalibai goma sha biyu suna tsaye a kaina suna gardamar ko harafin ƙarshe da ya faɗa B ne ko D.